Fitagoras ne ya gano, ko a Babila ya tarar?

Ɗan Kurmi:
Assalamu alaikum. Malaman lissafin gidan nan ku matso kusa, yau da ku nake. Akwai wani guntun allon yumɓu da aka tono a kudancin Iraƙi, yanzu yana ajiye a Jami'ar Columbia a Amurka, ana ce masa Plimpton 322. An rubuta shi wajen shekara 1800 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Lambobin da ke jikinsa su ne abin nan da aka sa mu haddacewa a sakandare da sunan ƙa'idar Fitagoras, wato a alwatika mai kusurwar digiri 90, in ka ninka kowane gefe da kansa, na gajerun biyun in aka haɗa su daidai suke da na dogon. Shi kuwa Fitagoras wajen 570 kafin haihuwar Annabi Isa aka haife shi. Tazarar ta haura shekara dubu. To don Allah da wane dalili za a liƙa wa mutum sunan abin da ya tarar ana yi? Ni a wurina wannan kirarin na "Girkawa iyayen lissafi" Turawa ne suka shirya abinsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Birkila:
Wa alaikumus salam. Ka sosa min inda ke min ƙaiƙayi. Maigidana da ya koya min gini, Allah ya jiƙansa, bai taɓa shiga aji ba. In za mu fitar da sukwayar harsashi sai ya kafa fegi ya ja igiya, ƙafa uku nan, ƙafa huɗu can. In tsakaninsu ya ba da biyar cif, kusurwa ta zauna. In ɗakin babba ne mu yi shida, takwas, goma. Har ya koma ga Allah bai taɓa jin sunan wani Bagirke ba.

Malamin Lissafi:
Ɗan Kurmi, zancen allon nan gaskiya ne, ba mai musa maka. Bari ma in ƙara maka harsashi. A Indiya littafin Baudhayana ya kawo wannan ƙa'ida don auna wurin ibadarsu. Fitagoras kansa bai bar rubutu ko shafi ɗaya ba, marubutan da suka zo ɗaruruwan shekaru bayansa ne suka jingina masa. In sunan ne damuwarka, na bar maka sunan.

Amma Oga Birkila, ga tambaya. Ka gwada 3, 4, 5 ta yi. Ka gwada 6, 8, 10 ta yi. In ka gwada 5, 12, 13 ita ma za ta yi. Wa ya ba ka tabbacin babu wata alwatika mai kusurwar digiri 90 da za ta saɓa? Alwatika ba su ƙirguwa, ko kai da jikokinka za ku ƙare rayuwa kuna aunawa ba za ku gama da su ba. Abin da Yuklid, masanin lissafin Girkawa, ya yi a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa shi ne ya rufe wannan ƙofa. A mas'ala ta 47 ta juzu'in farko na littafinsa ya nuna dole ne abin ya kasance haka a kowace irin wannan alwatika, ba tare da ya ɗauki tef ba. Mas'ala ta 48 kuma ta juya zancen: in lissafin gefuna uku ya dace, to kusurwar lallai digiri 90 ce. Wannan ta 48 ita ce ainihin abin da maigidanka yake yi da igiya. Shi ya san tana aiki. Yuklid ya nuna dalilin da ya sa ba za ta taɓa ba shi kunya ba.

Birkila:
Malam, ni dai katangata ba ta taɓa karkacewa don rashin mas'ala ta 48 ba.

Ɗan Kurmi:
Ka ji ko, Malam? Waɗanda suka gina dalar Giza fa? Akwai takardar Ahmes a gidan tarihi na Landan, wajen 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, cike da lissafin rabon burodi da girman rumbu da gangaren dala. Herodotus, Bagirke ɗan'uwansu, da bakinsa ya ce a Masar aka fara ilimin auna ƙasa, saboda duk shekara kogin Nilu na cinye iyakokin gonaki. Wato su da kansu sun amsa cewa almajirai ne.

Malamin Lissafi:
Sun amsa, kuma ba abin kunya ba ne. Sai dai ka duba yadda takardar Ahmes take magana: ga matsala, yi kaza, ninka da kaza, ga amsa. Allunan Babila ma yawanci haka suke. Littafin Yuklid kuwa da me ya fara? Da bayanin mene ne ɗigo, mene ne layi, sannan abubuwa biyar da ya roƙi mai karatu ya yarda da su, da wasu 'yan ƙa'idoji da kowa ya sani. Daga nan ba ya ƙara roƙon komai. Juzu'i 13, kowace mas'ala tana tsaye kan waɗanda suka gabace ta. In ka ƙi yarda da sakamako, sai ka nuna matakin da ya gurɓace. Ba ruwansa da cewa malam ne ya faɗa ko sarki ne ya faɗa.

Ɗalibar Injiniya:
Yaya Ɗan Kurmi, bari in ba ka guda ɗaya wadda igiya ba za ta taɓa kai ka gare ta ba. Ka san lambobin firam, waɗanda ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu: 2, 3, 5, 7, 11, 13. Suna da ƙarshe ko babu? Ƙirge ba zai ba ka amsa ba, don ko ina ka tsaya wani zai ce ƙila na gaba ne na ƙarshe.

Ga yadda Yuklid ya yi a juzu'i na 9, mas'ala ta 20. Kawo duk jerin firam ɗin da kake da shi. Ninka su gaba ɗaya, ka ƙara ɗaya. Wannan sabuwar lamba, duk wadda ka ɗauko daga jerinka ka raba ta da ita sai ɗaya ya yi saura. Ke nan ko ita kanta firam ce, ko akwai wata firam da ke raba ta wadda ba ta cikin jerinka. Misali 2×3×5×7×11×13 ka ƙara ɗaya, 30031 ke nan. Ba firam ba ce, 59×509 ce. Amma ka ga 59 da 509 ba sa cikin jerin. Duk tsawon jerin da ka kawo, akwai wadda ta rage a waje. Layi huɗu, an gama magana, kuma sama da shekara dubu biyu ba wanda ya iya taɓa ta.

Kawun Yara:
Ikon Allah. Ana fama da kuɗin buhun shinkafa ku kuna nan kuna ninka 59.

Ɗalibar Injiniya:
Kawu, kuɗin shinkafar in ta waya za ka tura, irin waɗannan lambobin na cikin masu gadinsa. Tsarin RSA da aka fitar a 1977 don kulle saƙonni a intanet a kan manyan lambobin firam aka gina shi, kuma a cikinsa ana amfani da dabarar nemo babbar lambar da ke raba lambobi biyu, wadda ke juzu'i na 7 na Yuklid.

Kawun Yara:
To Allah ya yi masa abin da ya dace da shi. Ku ci gaba.

Ɗan Damagaram:
Mu a nan Bagirken da ya fi wahalar da mu a lakwal Talis ne. A tsarin Faransa ƙa'idar Talis ita ce ta layuka masu tafiya kafaɗa da kafaɗa da ke yanka alwatika daidai gwargwado. Da na zauna da ɗan ƙanwata da ke karatu a Kano sai na ga a littafinsu ƙa'idar Talis wata ce daban, ta kusurwar da ke cikin rabin da'ira. Mutum ɗaya, ƙasashe biyu, kowa da abin da ya rataya masa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna sunayen nan ba abin rantsuwa ba ne. Ina bayan Ɗan Kurmi a nan.

Malamin Lissafi:
Ni ma ina bayansa a kan sunaye, tun ɗazu na faɗa. Inda muka rabu shi ne da ya ce ba su ƙara komai ba. Ga wani allon na Babila a Jami'ar Yale, YBC 7289. An zana murabba'i da layin da ya ratsa shi daga kusurwa zuwa kusurwa, an rubuta tsawonsa. In ka mayar da shi lambobinmu 1.41421296 ne, na gaskiya kuma ya fara da 1.41421356. Kun ga ƙwarewa. Girkawan zamanin Fitagoras ba su kusa da wannan ba wajen iya lissafi. Amma su ne suka yi tambayar da ba mu ga Babila ta yi ba: shin akwai lamba bisa lamba da za ta ba da tsawon nan cif? Suka gano babu, kuma ba za a taɓa samu ba. Aristotal ya ambaci hujjar: in ka ce akwai, sai lamba ɗaya ta zama shafa'i kuma wutiri a lokaci guda. Ana ba da labarin wai sun jefa Hifasus a teku don ya tona wannan asiri, amma wannan almara ce, kada wani ya kai ta aji a matsayin tarihi.

Almajirin Zaure:
Allah ya gafarta Malam, ina biye da ku, amma kun yi tsalle daga Iskandariyya kuna shirin dira a Turai. Akwai Bagadaza a tsakani. Hajjaju ɗan Yusufu ɗan Maɗar ya fassara Yuklid zuwa Larabci a zamanin Haruna Rashid, ya sake yi wa Ma'amun. Daga baya Ishaƙu ɗan Hunainu ya yi tasa fassarar, Sabitu ɗan Ƙurra ya gyara ta. Lokacin da Adelard, mutumin Bath ta Ingila, ya mayar da littafin Latin wajen 1120, daga Larabci ya ɗauko.

Kuma akwai abin da ba don Larabci ba da ya tafi har abada. Littafin Afoloniyus kan siffofin da ke fita in an yanka mazubi mai tsini juzu'i 8 ne. Huɗun farko ne kawai suka rage da Girkanci. Na 5 da na 6 da na 7 da Larabci kaɗai suka tsira, na 8 ya ɓace. Haka littafin Diyofantus: juzu'i huɗu nasa, fassarar Ƙusɗa ɗan Luƙa, sai a 1968 aka gano su a ɗakin karatu na Mashhad a Iran.

Ɗan Kurmi:
Madalla. Ga wasu ma da aka danne wa haƙƙi.

Almajirin Zaure:
An danne, amma ka yi hankali da inda maganar za ta kai ka, ɗan'uwa. Malaman nan ba su ce Girkawa ɓarayi ne ba. Sun karanta su, sun girmama su, sannan suka yi jayayya da su da makaminsu. Cikin abubuwa biyar da Yuklid ya roƙa a yarda da su, na biyar, na layukan da ba sa haɗuwa, bai kwanta wa mutane a rai ba. Ya yi tsawo, ya fi kama da abin da ke neman hujja. Ibnul Haisam ya gwada kafa masa hujja a Alƙahira. Umarul Khayyam ya soki hanyar Ibnul Haisam ya kawo tasa. Nasiruddin Ɗusi ya zo ya sake gwadawa. Wani littafi da aka jingina wa Ɗusi an buga shi da Larabci a Roma a 1594, malaman Turai suka ɗora daga nan. Duk ba wanda ya ci nasara, domin abin ba ya hujjatuwa daga sauran huɗun. Sai Lobacebski a Rasha a 1829 da Bolyai ɗan Hangari a 1832 suka ce to mu ajiye na biyar ɗin mu ga abin da zai faru. Sai ga wani sabon ilimin handasa, wato lissafin siffofi, lafiyayye ya fito, ba tufka da warwara a cikinsa. Riman ya faɗaɗa shi a 1854, Ainstain ya ɗauka ya yi bayanin nauyi da sararin samaniya da shi a 1915.

Abin da nake so ka gani, mutanen nan addini daban, harshe daban, shekara dubu biyu a tsakani, amma gardama ɗaya suke yi kan jimla ɗaya. Ba za a yi irin wannan gardama da allon Babila ba, don bai ce "ga dalilina" ba balle a kama shi.

Mai Shago:
Tambaya, Malam Almajiri. Mu dai mun taso muna jin cewa ilimin Yunanawa, wato Girkawa, falsafa ce, malamai sun yi gargaɗi a kai.

Almajirin Zaure:
Imamu Gazali, wanda ya fi kowa yi wa masu falsafa raddi, ya ware lissafi gefe. A cikin Munƙizu minad Dalal ya ce al'amura ne masu hujja yankakkiya, ba hanyar musa su bayan an fahimta, kuma ba su shafi addini ta tabbatarwa ko korewa ba. Illa biyu ya ji tsoro. Ɗaya mutum ya ga ƙwarewarsu a lissafi ya ɗauka haka suke a zancen Ubangiji, ya bi su ido rufe. Ɗayar kuma masoyin Musulunci jahili ya ƙaryata lissafin husufi da makamantansa yana zaton taimakon addini yake, alhali ɓarna yake masa. Ibnu Khaldun kuma a Muƙaddima ya ruwaito malamansa na cewa handasa ga hankali kamar sabulu ce ga tufa.

Bakatsine:
Tunda an zo nan kada a manta da namu. Muhammadu ɗan Muhammadu Alkatsinawi ya yi rubutu kan gidajen hatimi, yadda ake jera lambobi kowane layi ya ba da jimla ɗaya. A Alƙahira ya rasu a 1741.

Malamin Lissafi:
Allah ya jiƙansa. Shi ya cancanci zama na musamman, don silsilar hatimi ba ta Yuklid ba ce.

Hajiya Shugabar Makaranta:
Na daɗe ina karanta ku ban ce komai ba. Ɗana Ɗan Kurmi, kalmar "Turawa" da ka fara da ita ce ta ɗaure ka. Ina mutanen nan suka zauna? Talis a Militus, yau Turkiyya ce. Afoloniyus ɗan Farga, nan ma Turkiyya. Eratostanis ɗan Sairin ne, a Libiya. Yuklid da Diyofantus a Masar suka yi aikinsu. Hifatiya, 'yar Tiyon wanda gyararren kwafinsa na Yuklid aka yi ta karantawa ƙarni da ƙarni, a Iskandariyya ta koyar har 'yan tarzoma suka kashe ta a 415, ana cikin rikicin gwamnan birnin da shugaban coci. Harshen rubutu ne ya haɗa su. Mutanen Ingila da Jamus da suka zo suna kiransu kakanni, a wancan lokacin ba su san ana yi ba.

Ni abin da ya fi damuna yana cikin ajujuwanmu. Ka tambayi yaro mene ne "pi", lambar da ake samu in an raba kewayen da'ira da faɗinta, ya ce 22 bisa 7, ya zauna yana jiran tafi. Arkimidis bai ce haka ba. Ya zana siffa mai gefe 6 a cikin da'ira da wata a wajenta, ya ninka gefunan zuwa 12, 24, 48, har 96, sannan ya ce lambar ta fi 223 bisa 71, ba ta kai 22 bisa 7 ba. Wato ya faɗi iyakar abin da ya tabbatar, ya tsaya. Mu mun ɗauki katangar sama mun ce ita ce amsa. Muna kiran sunayen Girkawa a aji, amma koyarwar tamu "yi kaza, ninka da kaza" ce.

Malamin Lissafi:
Hajiya, ranki ya daɗe, manhaja ce ke kora mu. Minti arba'in, yara sun cika aji, jarrabawa kuma amsa take nema.

Hajiya Shugabar Makaranta:
Na sani, Malam, ni ma alli na riƙe kafin ofis. Amma hujjar da 'yata ta kawo ɗazu ta lambobin firam minti nawa za ta ci?

Ɗalibar Injiniya:
Mama, tunda kin ambaci Arkimidis. Sojan Roma ne ya kashe shi a Sirakus a 212 kafin haihuwar Annabi Isa, amma labarin littafinsa ya fi na mutuwarsa ban mamaki. An kwafe wasu ayyukansa a kan fata a ƙarni na 10. A 1229 wani ya kankare rubutun ya mayar da fatar littafin addu'o'in coci. A 1906 Heiberg, malami ɗan Denmak, ya duba littafin a Istanbul ya hango tsohon rubutu a ƙarƙashi. A ciki har da wasiƙar da Arkimidis ya aika wa Eratostanis yana bayyana yadda yake fara gano amsa: ya yanka siffa siraran yanka marasa adadi, ya ɗora su a ma'auni cikin tunaninsa. Wannan hanya ta yi kusa da kalkulas ɗin da Niyuton da Laibniz suka zo da shi a ƙarni na 17. Amma da kansa ya ce wannan ba hujja ba ce tukuna, sai ya koma ya kafa ta ta hanyar handasa. An yi gwanjon littafin a 1998 kan dala miliyan biyu. Fuskarsa ce kuma a jikin lambar yabo ta Fields da ake ba gwanayen lissafi.

Ɗan Kurmi:
Na ji duka. Hujja tasu ce, ban da ta cewa. Amma ina nan kan bakana: a littafin 'yan makaranta a rubuta Babila da Masar da Bagadaza kusa da sunayen nan. Yaro ya san ba daga sama Yuklid ya faɗo ba, kuma ba kai tsaye ya isa Landan ba.

Birkila:
Ni kuma har yanzu ina jiran wanda zai nuna min abin da hujja ta gina wanda igiya ba ta gina ba.

Malamin Lissafi:
Kwanon dish ɗin da ke kan rufinka, Oga. Lanƙwasarsa ɗaya ce daga siffofin Afoloniyus, ita ke tara sigina a wuri ɗaya. Wata siffar tasa mai kama da ƙwai ta zauna kusan shekara 1800 ana ganin wasan malamai ce, sai Kefla ya nuna a 1609 cewa a kanta duniyar Mirrihu (Mars) ke zagaya rana.

Amma Hajiya ta tsokane ni, bari in kawo shawara. Eratostanis ya ji cewa a Aswan, ranar da rana ta kai ƙarshen tafiyarta arewa, tsakar rana ba inuwa. A Iskandariyya kuwa a ranar inuwa ta karkata kashi ɗaya cikin hamsin na da'ira, digiri 7.2. Tazarar garuruwan a ƙiyasinsa stadiya 5,000 (ma'aunin nisa ne na Girkawa), ya ninka da 50 ya sami 250,000, kewayen duniya ke nan. Yaranmu za su iya wannan da sanda. Ɗan Damagaram, Kano na kan digiri 12, ku kuna wajen 13.8, kusan kilomita 200 arewa da mu. In ka samo malami a can, mu sa rana ɗaya mu auna.

Ɗan Damagaram:
Malami ba zai yi wuya ba. Sai dai na lissafa, in sandar mita ɗaya ce bambancin inuwarmu da taku santimita uku zuwa biyar ne kawai. Hannun yaro ya ɗan girgiza, duniya ta ninku biyu. Gara mu nemi Agadas, tana wajen digiri 17 kuma kusan saitin Kano take. Bambancin digiri biyar ne, kilomita 550 da 'yan kai a miƙe, ba ta hanyar mota ba. Ƙarfe nawa za a auna, sha biyu?

Malamin Lissafi:
A'a, kada a bi agogo. Kowane gari ya bi zawalinsa. Yara su fara sa alama a bakin inuwa tun wajen sha ɗaya da rabi, duk minti biyar, har ta daina raguwa ta fara ƙaruwa. Mafi gajartar ita za a rubuta. A sami sanda mai mita biyu, ƙasa shimfiɗaɗɗiya, a kuma tabbatar ta tsaya kyam. A guji ƙarshen Afrilu zuwa Agusta, lokacin inuwar Kano kan ɓace ko ta juya kudu, lissafin zai rikita yara. Bayan damina ya fi, sama ta washe kuma hazo bai sauko ba.

Hajiya Shugabar Makaranta:
Ku sa makarantata a ciki. Ɗan Damagaram, in ka samu na Agadas ɗin ka haɗa mu ta akwatin sirri.